Shago Kafinta da Kujerar Malam Zubair

A Unguwar Marke, wani ƙauye da ke can yamma da Bici, inda gona ke manne da gona har ba ka gane iyakar ta wani sai ka ga layin gamba, akwai wani kafinta da ake kira Shago. Yanzu ya ba shekara sittin baya. Gajere ne kakkaura, furfura ta cinye masa gemu, kuma ba ka raba shi da guntun fensir a bayan kunne ko da coci za shi. Matarsa Baturiya ta yi ta cire masa shi ranar Lahadi har ta gaji ta ƙyale shi.

Mahaifinsa masassaƙi ne. Turmi da taɓarya, akushi, ƙotar fartanya, da 'yar kujerar nan ta tsuguno da mata ke zama a kai a gaban murhu, duk na unguwar daga bakin gizagonsa suke fitowa. Gidansu gidan mutanen da ne, masu bin al'adar kakanni, sai a zamanin mahaifin nasa suka karɓi addinin Kirista. Maƙwabtansu kuwa Musulmi ne, danga ɗaya ce tsakani, rijiya ɗaya ake ja, ranar gayya kuma kowa da fartanyarsa yake fitowa. Da Shago ya yi wayo ya so ya gaji gizago, amma tsohon ya duba ya ga ƙirya da marke sai ƙarewa suke yi, kowane fili ya zama gona, roba da kwano kuma sun fara korar akushi daga kasuwa. Sai ya ce masa, "Wannan sana'a tare za a binne mu da ita. Tafi birni ka koyi aikin katako."

Haka Shago ya tafi Kano yana saurayi, ya sauka wajen wani kafinta a Rijiyar Zaki, lokacin da ake ta gine-ginen sabon mazaunin jami'a, unguwar kuma rabinta gonaki. A can ya koyi zarto da guduma da awo, ya koyi haɗa katako da katako ba a ga bakin ƙusa ba. Malaman jami'a sukan aiko da kayansu gyara, tebur mai rawa ko kabad ɗin da ya ƙi rufuwa. Wata rana aka kawo wata kujera daga gidan wani malami Bature, ƙafarta ta saki.

Shago bai taɓa ganin irinta ba. Kujerun masu hali da ya sani manya ne, an cusa musu soso, an yi musu sassaƙa a hannuwa, mutum biyu ke ɗaukar ɗaya suna nishi. Wannan kuwa ba ta da ado ko kaɗan. Katakonta siriri ne, an lanƙwasa shi kamar sakaina, an shimfiɗa baƙar fata a ciki, ta ɗan kwanta baya, ga wata 'yar ƙarama a gabanta ta ɗora ƙafa. Ya juya ta ya leƙa gefen katakon, ya ga ashe ba guda ɗaya ba ne, falle-falle ne aka manne. Da maigidansa ya tafi sallar azahar sai ya ce bari ya ɗana. Ya karkaɗe wandonsa ya zauna. Abin da yake iya tunawa kawai shi ne ya ji bayansa ya saki, kafaɗunsa sun sauka, kamar wanda aka sauke wa dami. Farkawa ya yi ya ga maigidan tsaye a kansa ya riƙe ƙugu.

"Sannu da hutawa, ranka ya daɗe! A kawo shayi ne?"

An daɗe ana yi masa tsiya da wannan a rumfar. Kujera dai aka ɗaure mata ƙafa aka mayar wa mai ita, bai sake ganin ta ba.

Da ƙarfin mahaifinsa ya ƙare sai ya tattara kayan aikinsa ya dawo gida. Ya kafa rumfar kwano a gindin darbejiyar ƙofar gidansu, ya auro Baturiya daga wani ƙauye na wajen Rimin Gado, suka haifi 'ya'ya, manyan suka watsu neman abinci, 'yar autar, Dorathy, ta riƙe karatu. Da damina manomi ne kamar kowa, gero da dawa da gyaɗa, wake a tsakani, ga jakinsa na kai taki. Da rani kuma kafinta. Ƙofofi da tagogin unguwar yawanci nasa ne. Shi ya yi wa coci benci, shi ya yi wa masallaci makara, gadon amare kuwa ya manta yawan da ya yi. Kujera dai ba mai nemanta. Tabarma da buzu sun wadaci maza, mata na da ta tsuguno, in biki ya taso a hayo fararen nan na roba daga Bici. Shi ma bai damu ba. Hatsi na rumbu, aiki na zuwa, ya ishe shi.

Maƙwabcinsa na jikin danga shi ne Malam Zubair. Sa'o'in juna ne, tare suka yi kiwon awaki suna yara, tare suka sha tsumagiya a kan ɓarnar da awakin suka yi a gonar mutane. Malam Zubair dogo ne siriri, manomi mai ɗan saye da sayar da gyaɗa, ga shi da baki. Kullum bayan la'asar yakan shimfiɗa buzunsa a bakin rumfar Shago, ya ajiye rediyo a gefe, ya yi ta sharhi a kan duk wanda ya gifta: wane ya makara da noman firi, wato na farko bayan shuka, wane ya sayi iri na banza, jakin wane ya fi mai shi hankali. Shago ba mai yawan magana ba ne. Yana goge katako yana cewa, "Haka ne, Malam," ko kuwa, "A'a, Malam, nan ka ƙara gishiri." Haka suka yi shekara da shekaru.

Wata kaka, ana tsakiyar yankan dawa, Malam Zubair ya sunkuya zai ɗaure dami, sai ya kife. Aka kai shi asibiti a Bici, daga can aka wuce da shi Kano. Allah ya yi da sauran kwana a gaba. Ya dawo da ransa, bakinsa ma ya warware sannu a hankali, amma ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. In aka zaunar da shi a tabarma sai ya zube gefe. Aka gwada kujerar roba, ya yi ta zamewa, bayansa na ciwo, hannun yana lilo. Daga ƙarshe aka bar shi kwance a ɗaki a kan katifa yana kallon rufi.

Shago yakan shiga gaishe shi safe da yamma. Ya lura mutumin da ba ya gajiya da magana ya koma daga "lafiya lau" sai "mun gode". Rediyon ma cewa ya yi a kashe.

Ran nan da safe Shago na shan koko a tsakar gida, sai ya ji Hure, matar Malam, ta leƙo ta kan danga tana magana da Baturiya.

"Ni ba ciwon ne ya fi damuna ba, Baturiya, kwanciyar nan ce. Likita ya ce a riƙa zaunar da shi, a fito da shi ya sha iska, in ba haka ba ƙirjinsa zai cushe, bayansa ya yi gyambo. To a kan me za a zaunar da shi? Jiya tambayata yake wai ko an gama shigar da dawa rumbu. Mutumin da ya san damin kowa a garin nan!"

Shago ya ajiye ludayi. Kujerar nan ta Rijiyar Zaki ta faɗo masa a rai, wadda ya yi shekaru bai tuna da ita ba.

Ranar Asabar Dorathy ta zo gida. A lokacin tana kwalejin horon malamai ta Bici, tana karanta zane da aikin hannu. Ta same shi a rumfa a tsugune, yana ta zane a ƙasa da ƙusa yana sharewa da tafin hannu.

"Sannu da aiki, Baba. Me ake zanawa haka, kwale-kwale?"

"Wata kujera ce na taɓa gani tun ba a haife ki ba. Ina ganin ta a raina, hannuna ya kasa fito da ita."

Ya kwatanta mata yadda take, ya gaya mata kuma wanda yake so ya yi wa. Ta ciro waya ta yi 'yan danne-danne ta miƙa masa. "Irin wannan?"

Shago ya riƙe wayar nesa da ido, ya matso da ita, ya kama baki. "Ita ce! In ma ba ita ba ce, to uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ke a ina kika san ta?"

"An koya mana a aji, Baba. Ai kujerun nan tarihi ne da su."

Ta jawo benci ta zauna kusa da shi, tana turo hotuna ɗaya bayan ɗaya tana bayani. Ta ce a ƙasashen Turawa ma, da can kujerar mai hali sai da nauyi da sassaƙa da ado. Wajen shekara ɗari da suka wuce sai wasu masu zana gine-gine suka ce sun gaji. Suna gina gidaje masu haske da manyan tagogi, ba sa so a cushe su da kaya irin na kakanni. Suka ce ba don a kalla a ce mai gida na da hali ake yin kujera ba, don jiki ya huta ne, saboda haka a fara duba yadda jikin mutum yake sannan a yi ta, duk abin da ba shi da aiki kuma a cire shi. Wasu suka ɗauki bututun ƙarfe suka lanƙwasa, suka ɗaura masa fata ko yadi mai kauri, har ana cewa ɗaya daga cikinsu a hannun kekensa ya ga dabarar. Wasu kuma suka riƙa manna siraran fallayen katako da gam, su matse su a mazubi da zafi har su ɗauki siffar da ake so, abin ya ƙara bunƙasa bayan yaƙin duniya na biyu.

"Wadda ka gani irin wannan ce," in ji ta. "Yanzu wasunsu suna gidajen adana kayan tarihi, an kewaye su da igiya, ba a barin kowa ya zauna."

"Kujera, a hana zama a kanta? To ai sun cuce ta."

Ya sa ta koma kan wata doguwa ta ƙarfe, mai lanƙwasa a ƙugu da gwiwa, wadda mutum ke miƙe ƙafa a kai gaba ɗaya. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ita ba kujera ba, ita ba gado ba," ya ce. "Irinta Malam yake bukata."

"Duba nan, Baba. Gwiwa ta ɗan fi ƙugu tashi. Shi ya sa mutum ba ya zamewa gaba."

Shago ya bugi cinya. Abin da ya kasa ganowa ke nan tun safe yana ta ɓata ƙasa.

Baturiya tana gefe tana tsintar wake, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Ku dai kada ku ɗora bawan Allah a kan abin da zai kife da shi, a ce mu ne."

Da katako ya fara, don shi ya sani. Ya sayo fallayen filawud mafi siranta a Bici, ya sassaƙa mazubi daga kututturen darbejiya da gizagon mahaifinsa, ya jiƙa fallayen a ruwan zafi cikin rabin duro, ya shafa gam, ya matse da igiya, ya danne da duwatsu. Na farko tun a hannu ya tsage. Na biyu ya yi kamar ya kama, amma da aka kwance shi sai ya buɗe a hankali kamar ganyen kabeji. Na uku ya tsaya. Shago ya zauna a kai don gwaji, ya ji ƙas, sai ga shi a ƙasa ƙafafu sama. Baturiya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kwashe ɓaraguzan ta hura wuta da su, tuwon ranar ya yi ta warin gam.

"Mutanen nan da injina suke yi," ya ce wa Dorathy a waya. "Ni ba ni da abin matsa shi."

"To Baba, ka koma wa dabarar mai keken mana."

Ya ga gaskiyarta. Amma kafin a taɓa ƙarfe sai an san siffar da za a bi, kuma ba siffar kowa ba, ta Malam Zubair. Sai ya cika buhuna da ƙaiƙayi, ba dam ba, yadda za su lotsa, ya kai su zauren Malam ya jera. Shi da Kamaruddeen, babban ɗan Malam, suka tallabo shi daga ɗaki suka ɗora shi a kai.

"Shago, me kake nufi da ni ne? Ka mai da ni kaza mai kwanci a kan ƙaiƙayi?"

Wannan ce doguwar magana ta farko da ya yi tun dawowarsa. Shago ya ji daɗinta har cikin ransa, amma bai nuna ba.

"Awo zan yi maka, Malam."

"Awo? Makarar da ka yi ai tana masallaci, ta ishe ni."

"Wannan da sauran lokaci, in Allah ya yarda. Ka daure."

Suka yi ta tura buhu nan, a rage can, a ƙara a ƙarƙashin gwiwa. "Nan fa, Malam?" "Ya tokare mini ƙugu." "Yanzu fa?" "Wuyana ya rataye." Har aka kai wani wuri da Malam ya daina ƙorafi, ya lumshe ido, ya sauke dogon numfashi. Shago ya yi wa Kamaruddeen alama kada ya motsa komai. Ya ɗauko dogon siririn ƙarfe mai laushi, ya bi gefen jikin Malam da shi yana lanƙwasawa, tun daga ƙeya har diddige.

Wannan ƙarfen ya ɗaure a keke ya kai wa Muntaka, wani mai walda a bakin tashar Bici da ke ƙera ƙofofi da amalanke. Muntaka ya ɗaga shi sama ya juya.

"Baba Shago, wannan macijin fa?"

"Bayan mutum ne. Irinsa nake so guda biyu, da bututu, kada ɗaya ya fi ɗaya."

Muntaka ya san aikinsa. Ya ɗura wa bututun yashi ya toshe bakinsa don kada ya lotse, ya gasa shi, ya riƙa lanƙwasa shi a jikin tsohon wilin mota. Shago na tsaye a kansa, da an ɗan lanƙwasa sai ya kara ma'auninsa ya ce a ƙara kaɗan, ko a mayar kaɗan, har Muntaka ya cire tabarau ya share gumi ya ce, "Baba, ko telan amarya ba ya yin haka." Aka haɗa su, aka yi musu ƙafafu masu faɗi yadda ko an jingina gefe kujerar ba za ta kife ba. Shago ya yi mata hannuwa da katakon maɗaci, ya goge su har suna sheƙi. Soso kuwa ya ƙi shi, ya ce mai jinya zai dahu a kai da bazara. Kirgi ya sayo wajen baduku, aka yanka masa shi tsiri-tsiri, ya saƙa a jikin ƙarfen yadda iska za ta riƙa shiga ta ƙasa. Baturiya, duk da tsiyar da ta yi ta yi, ita ta ɗinka ɗan matashin wuya ta cusa masa audugar rimi.

Ranar da aka kai ta, Malam Zubair ya kalle ta daga kwance ya kau da kai.

"Mutane su wuce su gan ni a miƙe da rana tsaka kamar wani basarake? Ko kuwa su taru a kaina suna yi mini sannu? Ku bar ni inda nake."

Hure ta ce, "Haba Malam. Mutumin nan ya ajiye aikinsa ya yi ta fama saboda kai. Ko don shi ai ka zauna."

Ya yarda, amma a zaure. Bayansa ya zauna daidai, bai zame ba, sai dai hannun hagun ya yi ta sulluɓewa yana faɗuwa, yana janyo kafaɗar gefe. Da aka zo tayar da shi kuma sai da Kamaruddeen ya yi da gaske, don ta yi ƙasa da yawa. Shago ya ga inda gyara yake. Ya saɓi kujerarsa ya koma rumfa.

Ya cire hannun kujerar na hagu ya yi wani mai faɗi, ya ƙwaƙule cikinsa da gizago kamar akushi, yadda in an ɗora hannun Malam zai kwanta a ciki. Ya kafa wani ɗan allo da aka naɗe da tsumma daidai haƙarƙari don ya tare jiki. Ya sa Muntaka ya ƙara wa ƙafafun tsawo, ya kuma kafa wani mariƙi a dama wanda Malam zai kama da hannunsa mai lafiya. Da Dorathy ta zo ta gani sai ta ɓata fuska.

"Baba, ka ɓata mata kyau. Ɓari ɗaya ya fi ɗaya."

"Mai ita ma haka yake, 'yata."

Ta zagaya ta, ta zauna ta ɗora hannu a cikin akushin nan, sannan ta yi dariya. "Gaskiya ne. Ni hoton nake ta tunawa." Ta ciro waya ta ɗauke ta ta kowane gefe.

Wannan karon komai ya zauna. Duk da haka sai da aka yi ta lallashi kafin Malam ya yarda a fito da shi waje, ya ce sau ɗaya kawai, kuma in ya ce a mayar da shi a mayar da shi. Lokacin rani ya yi nisa, ana ta kai taki gona. Bayan la'asar aka ajiye shi a gindin darbejiya, a bakin rumfa, inda buzunsa yake zama da. Shago ya koma kan wata ƙofa da yake gogewa kamar ba abin da ya faru. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna gaisuwa, Malam na amsawa a gajarce, fuska ba walwala. Can sai ga wani magidanci ya koro jaki, mangalar ta karkace, taki na ta zuba a hanya shi bai ma sani ba. Malam ya bi shi da ido. Ya motsa baki ya fasa. Jakin ya ƙara taku, takin ya ƙara zuba.

"Kai! Wa ya ɗaura maka mangalar nan? Hanya ka zo yi wa taki ko gona? Ubanka ba haka yake yi ba!"

Mutumin ya waiwayo a firgice, ya ga mai maganar, ya washe baki. "Malam! Ashe kana nan!"

"Ina nan mana, ina za ni? Gyara ta ta dama."

Shago bai ɗaga kai daga katakonsa ba. "Haka ne, Malam," ya ce.

Kafin magariba an aika cikin gida a kawo rediyo.

Tun daga ranar kullum sai an fito da shi. In lokacin salla ya yi a juya kujerar ta kalli gabas, ya yi sallarsa a kai yadda ya sawwaƙa. Ya koma cin abinci sosai. Da damina ta sauka yana kishingiɗe yana kallon gero na tashi daga ƙofar gida har inda ido ya tsaya, yana aika wa Kamaruddeen saƙo gona a kan inda ciyawa ta fi yawa. A hankali ya fara kama mariƙin nan yana miƙewa da kansa, daga baya ya kai ga takawa da sanda zuwa bakin gona ya dawo. Hannun dai bai dawo ba. Yakan ce Allah ya karɓi ɗaya ya bar masa ɗaya da baki, kuma bakin ya fi yi masa amfani.

Labari ya bazu. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Sa'adiyya ta zo daga Rimin Gado da mahaifiyarta a mota, tsohuwar da ƙugu ya hana zama, aka ɗora ta a kan buhunan ƙaiƙayi tana ta salati. Bayanta wasu suka biyo, masu tsoho a gida ko mai jinya. Ba su da yawa, a rani guda bai fi ya yi uku ko huɗu ba, kuma ba wadda ta yi kama da 'yar uwarta. Muntaka kuwa da ya ga abin na da kasuwa sai ya riƙa ƙera nasa, duk awo ɗaya, ya shafa musu fenti ruwan gwal, ya ɗora soso mai furanni, ya jera a bakin titi. Suna tafiya kuwa, masu shaguna da 'yan kasuwa na saye. Aka zo ana gaya wa Shago wai an sace masa fasaha.

"Wace fasaha? Ni ma a wayar 'yata na gani, su ma masu ita a keke suka gani. Muntaka na da iyali. Ku dai ce masa ya rage fentin nan."

Bai taɓa yi wa kansa ba. Ya ce ya san halinsa, in ya samu irinta a rumfa to aiki ya ƙare. Ya yi wa Baturiya tayi, ta ce ita ba ta ga yadda za a yi tankaɗe ko tsintar wake a kishingiɗe ba, a bar ta da 'yar tsugunonta.

Dorathy ta gama karatu, tana koyarwa a wata makarantar sakandare a wajen Rimin Gado, ta yi aure can. In ta zo kan darasin kayan ɗaki takan nuna wa ɗalibanta hotunan kujerun Turawan nan, ta haɗa da ta Malam Zubair, su yi ta gardama a kan wadda ta fi. Bana ta aiko wa mahaifiyarta cewa tana da juna biyu, bayanta kuma na damunta in ta daɗe a zaune. Baturiya ta gaya wa Shago a kaikaice, yadda ake gaya wa uba irin wannan magana. Washegari aka gan shi ya nufi Bici da keke. Wannan ba doguwa zai yi ba. Gajeriya ce, bayanta a ɗan miƙe, hannuwanta ƙasa-ƙasa yadda mai goyo za ta tallabi jariri ba ta gaji ba.

Ya gama ƙarfen, ya fara saƙar kirgi ke nan, sai hadari ya haɗo daga gabas aka kwana ana ruwa. Gari na wayewa ƙasa ta jiƙu sharaf, unguwa duk ta fita, kowa da sungumi a kafaɗa. Shago ya jawo kujerar can cikin rumfa inda feshi ba ya kaiwa, ya lulluɓe ta da buhu, ya ɗauko nasa sungumin. Baturiya ta fito da ƙwaryar iri a ka, ta kalli buhun.

"Maigida, ka dai san ranar saukar yarinyar nan ba jiranka za ta yi ba."

"Sai kaka kika ce. Kafin a gama noman firi na gama ta."

"Haka ka ce da ƙofar ɗakin girkina."

Ya yi dariya ya wuce gaba. Suka bi ta 'yar hanyar da ke tsakanin gonaki, ana ta yi musu barka da ruwa suna amsawa. Da suka isa ya shiga sara yana tafiya, ita kuma tana biye, tana jefa iri tana rufewa da diddige.